Inda Za A Ajiye Goggo

Goggo ba mutum ba ce, kada ku ce na raina manya. Inji ce, baƙa, mai nauyin rabin buhun masara, irin wadda masu aikin kwamfuta ke ce wa saba. Chimezie ne ya laƙaba mata sunan, wai don ba ta barci, ba ta daina gunaguni, kuma ta san asirin kowa a gari. Bai yi ƙarya ba. A cikinta muke ajiye takardun makarantun kuɗi ashirin da wani abu a nan Gombe: sakamakon jarrabawa, ranakun haihuwar yara, hotunansu, shaidar gama makaranta. Shugaban makaranta yana zaune a ofishinsa zai buɗe kwamfuta ya shiga ta intanet, Goggo ta miƙo masa abin da yake nema. Sana'armu ke nan, ni da Chimezie, rabi da rabi.

Ni sunana Margaret, amma tun da na haifi 'yata ta fari ba mai kirana sai Maman Debby. 'Yar Kaltungo ce ni, aure ya kawo ni Gombe. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kwamfuta a sakandare kafin in ajiye alli. Ina da baki, na sani, ba sai an faɗa min ba. Mijina Elias yakan ce idan raina ya ɓaci ko fankar ɗaki rage gudu take yi. A wajen aiki ni ce mai yawon makarantu ina shawo kan shugabanninsu, Chimezie kuma shi ke zama da injuna.

Shi Ibo ne, amma a unguwar Bagadaza ta nan Gombe aka haife shi, a ɗakin da ke bayan shagon babansa Vitalis mai gyaran rediyo. Na girme shi da shekara tara. Abin haushi, Hausarsa ta fi tawa, har gyara min yake yi a gaban mutane. Idan mai nono ta leƙo shago sai ka ji ya juya Fulatanci, su yi ta dariya ni ina tsaye kamar an dasa ni. In na tsokane shi na ce yaushe zai koma garinsu, sai ya ce, “Maman Debby, ke ce baƙuwa. Ni a garin nan aka yanke min cibi.” Shekara shida muna wannan wasan, kuma a kula ɗaya muke cin abincin rana.

To, shekarar 2014 ta zo mana da abin da ta zo da shi. Shingen sojoji ko'ina, ka sauka daga keke ka ɗaga hannu ka wuce. A majami'a an hana mu shiga da jaka, sai Littafi a hannu da ɗan hankici. Mutanen Yobe da Borno da Mubi suna ta shigowa gari da kayan jikinsu kawai. A makarantun da nake zagayawa na sha tarar da uba a tsaye da yara uku, yana rantsuwa babbar ta kai aji biyar, amma ba takarda ko guda, makarantar tasu ta ƙone da duk abin da ke ciki. Idan na dawo na ba Chimezie labari sai ya juya ya kalli ƙofar ɗakin baya, inda Goggo take gunaguninta da fanka biyu da ɗan janaretanmu mai tari.

Ranar da bam ya tashi a tashar mota, gilashin tagar shagonmu ya tsage tun daga sama har ƙasa. Ba abin da ya same mu. Muna cikin share gilashi ya ce min dole Goggo ta bar shagon nan, na ce na yarda.

Ya yi min bayani yadda zan gane. Akwai gidaje da aka gina don irin su Goggo kawai, ana ce musu data santa. Kai za ka kawo injinka, su kuma su ba shi kanta a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da mai gadi, da wayar faiba, wato wayar nan ta intanet da ake binnewa a ƙasa. Kamar ɗakin haya ne, inji naka, gida nasu. Wuri uku ya samo. Ɗaya a Legas, ya ce ya yi nisa. Ɗaya a Abuja. Na uku kuma a nan cikin gari, wajen wani bawan Allah mai suna Bamanga, wanda ke raba wa ofisoshi intanet, yana da ɗaki mai na'urar sanyi da doguwar eriya a bakin unguwarmu, Federal Low-Cost.

Chimezie ba ya sayen abu daga takardar talla. A wajen Bamanga sai da ya zagaya bayan gini ya leƙa tankin man janareta, ya bi ramin wayar da ƙafa har bakin titi. A watan Nuwamba ya hau mota ya tafi Abuja ya yi musu haka nan. Kwana uku ya yi. Ya dawo yana ba ni labarin janareta biyu manya, da man da zai kai sati biyu, da faiba ta kamfani biyu, ɗaya ta shigo ta gaban gini ɗaya ta baya, ta yadda ko katafila ta tsinke ɗaya, ɗayar tana nan. Yana magana idonsa na ƙyalli. Ni kuwa ina jinsa, amma zuciyata tana wani wuri daban.

Bari in faɗa muku inda take. A shekarun nan ba wanda ke barin gari da sallama. Kunya ake ji, don cewa za ka tafi kamar cewa ne ku da kuka rage Allah ya ji ƙanku. Sai dai kaya su fara tafiya. Maƙwabciyata Theodora, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha huɗu, ita ta riƙe min hannu a naƙudar autana. Da farko firizarta ce ta tafi, wai gyara. Sai keken ɗinki, wai ƙanwarta ta ara. Sai yara suka tafi hutu ba su dawo ba. Wata Lahadi na dawo daga sujada na ga kwaɗo a ƙofarta, ko saƙo ba ta bar min ba. Na yi kuka, sannan kukan ya koma haushi, haushin kuma ya zauna. Tun daga lokacin duk wanda na ga an ɗaure masa katifa a kan mota sai in ce a raina, shi ke nan, wannan ma ya tafi.

Kuma a watan Satumba Chimezie ya kai yaransa biyu Enugu wajen kakarsu, ya sa su a makaranta a can. A raina na ƙirga. Yanzu ga shi yana so a ɗauki Goggo, wadda ita ce sana'ar gaba ɗaya, a kai ta rabin hanyar Enugu.

Ranar wata Talata, mun gama cin dambu ko hannu ban wanke ba, ya zaro koren fayil daga jakarsa ya ajiye a gabana. Ya ce takardun kamfanin Abuja ne, ya cike komai, sa hannuna kawai ake jira. Na tambaye shi me ya hana mu ba Bamanga, mutumin da zan hau keke minti goma in je in ga kayana da idona. Ya ce Bamanga mutumin kirki ne, amma janaretansa ɗaya, wayarsa ɗaya, kuma duk abin da zai sami Gombe zai same shi. Na ce to idan wani abu ya sami Abuja fa? Ya ce sai mu bar kwafi a nan. Duk inda na ɓullo yana da amsa, amsoshin kuma su suka ƙara tunzura ni, don na ga kamar an daɗe da shirya su.

Ya turo fayil ɗin kusa da ni. “Maman Debby, ki karanta mana. Ko shafi na huɗu kaɗai ki duba.”

Na tura masa abinsa da bayan hannu. “Ba abin da zan karanta. Ka faɗa min gaskiya kawai, Mezie. Yara sun tafi, yanzu Goggo, sai kuma wa? Ai na san yadda kuke yi. Ku dama haka kuke, kaya su yi gaba, mai kaya ya biyo baya, mu a bar mu da kwaɗo a ƙofa.”

Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Mu su wa?”

Allah ya sani a take na ji abin da na faɗa. Da na ce ka yi haƙuri a wannan minti, da yau ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma ni Margaret, in janye magana alhali ban gama huci ba? Sai na ce ya san abin da nake nufi. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki fayil ɗin ya mayar jaka, ya ja zif a hankali. Ya ce tun da rabin sana'ar tawa ce kuma hankalina ya fi kwanciya da Bamanga, a kai wa Bamanga. Ban sake ganin koren fayil ɗin nan ba.

Da na ba Elias labari a gida ina jira ya ce na yi daidai, sai ya ajiye cokali ya tambaye ni ko na duba shafin da aka ce in duba. Na ce shi ma ya fara ke nan? Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci.

Kada wani ya ɗora wa Bamanga laifi, ba shi da ko ɗaya. Ranar da muka kai Goggo, da bakinsa ya ce min, Madam, ki sani waya ɗaya gare ni, janareta ma ɗaya, iyakar ƙarfina ke nan. Na ce ba komai, ai muna kusa. Chimezie ya ɗaura ta a kanta, ya jera wayoyi tsaf kamar kitso, ya gwada komai sau biyu. Aikinsa bai ragu da ko ƙwayar zarra ba. Abin da ya canja daban ne. Washegari na shigo shago na ce masa ina kwana, sai ya amsa min da Turanci. Na ɗauka tsokana ce, na yi dariya. Ba tsokana ba ce. Mutumin da ke gyara min Hausa ya daina yi min ita kwata-kwata. Da mai nono Fulatanci, da mai keke Hausa, da Bamanga Hausa, ni kaɗai aka ware wa Turanci, mai ladabi, irin na ofis. Maman Debby ma ta koma Madam Margaret. Lokacin abinci kuma sai ya ce yana da aiki a waje.

Na yi ƙoƙari irin nawa, wanda bai kai ko'ina ba. Na dafo masa shinkafa da wake da manja yadda yake so, na ce haba Mezie, kai ma ka san bakina. Ya ce min da Turanci ba komai, ya yi godiya, ya ba mai gadin layinmu abincin. Kalma uku ce ta rage, ka yafe min, amma wata uku cur na kasa furta su. Ina ce wa kaina zai huce. Can ƙasan zuciyata kuma akwai wata muguwar murya da ke cewa bari dai mu gani ko zai tafi, don a san ni ce da gaskiya.

Wata Asabar a tsakiyar Fabrairu muka tashi da harbe-harbe daga bakin gari, jirgin yaƙi yana ta shawagi a kanmu. Kafin rana ta take an sa dokar hana fita, ba dare ba rana. Muka kulle ƙofa muka zauna a ƙasa a falo, ni da Elias da yara. Da abin ya lafa sai wayar Bamanga ta shigo. Ya ce yana gidansa a Gabukka, ba halin fitowa. A ranar ne ya kamata mai kawo masa man janareta ya zo, kuma abin da ke tanki ba zai wuce la'asar ba. In janareta ya tsaya batura za su riƙe injuna, amma ba za su riƙe na'urar sanyi ba, ga ɗakin a rufe da ƙofar ƙarfe. Na kira Chimezie na ce ya kashe Goggo daga gida ta intanet, yadda ya saba. Ya ce ya gwada tun safe, wayar faibar Bamanga ta mutu, ba wanda ya san inda ta katse.

Na fito tsakar gida na tsaya. Daga ƙofata ina hango eriyar Bamanga, ga ta can, ja da fari, har tsuntsayen da ke kanta ina gani. Minti goma a keke, in ji ni. Ga soja a bakin layi da bindiga, ko akuya bai yarda ta gitta ba. Na yi ta kallon eriyar nan har wuyana ya gaji, ina tuna yara dubu takwas da sunayensu ke dahuwa a ɗakin can saboda ni.

Da aka sassauta dokar muka ruga. Bamanga ya buɗe ƙofa, zafi ya buge mu kamar an buɗe tandar burodi. Goggo ta yi tsit, karo na farko tun da na san ta. Faifai huɗu ne a cikinta masu riƙe bayanai, biyu sun mutu. Na zauna a kan wani kwali na rufe fuska, ina jira Chimezie ya faɗi abin da kowa zai faɗa in shi ne. Da ma ya faɗa, da na samu abin riƙewa na yi faɗa na huce. Ya sa hannu a aljihun wando ya fito da wani ɗan faifai kamar sabulun wanka. Ashe duk Lahadi yana zuwa ya kwafe komai ya tafi da shi gida, ban ma sani ba. Aikin sati ɗaya kawai muka rasa, sakamakon gwaji na makarantu huɗu, shi ma muka karɓo takardun malamai muka sake bugawa. Kwana huɗu ya yi a kanta, Goggo ta dawo da gunaguninta. Ba shugaban makarantar da ya san abin da ya kusa faruwa.

A raina na ce to, an gama, Allah ya rufa asiri, yanzu sai mu koma yadda muke. Har na fara shirya yadda zan ce a ɗauko koren fayil ɗin nan, ba tare da na ce na yi kuskure ba.

Bayan bikin Ista da sati ɗaya ya shigo shago da hantsi, ya zauna a gabana, ya ajiye makullai da wani littafi mai bango ja. Ya ce zai koma Enugu ƙarshen wata. Ya zo ya faɗa min tun da wuri, ido da ido, don kada in dawo in tarar da kwaɗo. A littafin ya rubuta komai da hannunsa, yadda ake tayar da Goggo, yadda ake kwafe ta, wanda zan kira idan kaza ya faru. Rabonsa na sana'ar kuma ya ce mu yi maganarsa a gaban Baban Debby, duk yadda aka yanke ya yarda. Kun san me na ce? Ni da bakin nan nawa na ce, ai dama na faɗa. Ya yi ɗan murmushi ya tashi.

Ana gobe za su tafi na je Bagadaza da garin kunu da ƙuli na guzuri. Ba ya nan, ya je sallama da abokan babansa. Matarsa Mmesoma na tarar tana naɗe kwanuka da tsofaffin jaridu. Ita a Enugu ta girma, aure ya kawo ta, Hausarta tana ɗingishi amma ta ishe ta faɗin abin da take so. Ta ce shekara uku tana roƙonsa su tafi. Duk bam ɗin da ya tashi sai ta yi kuka, shi kuma amsarsa ɗaya ce, nan ne gida, a nan ba mai yi masa kallon baƙo. Kai yara Enugu ma sulhu ne suka yi, ita ta samu barci, shi ya samu zama.

“Anti,” ta ce, “wata Talata ya dawo, na sake yi masa maganar, sai bai ba ni amsar nan ba. Bai ba ni kowace amsa ba. Ban san me ya faru a shago ba. Ban san ko in gode miki ko kada in gode ba.”

Na ajiye garin kunun a kan wani akwati na fito. A keke na yi kukana, mai keken yana ta ba ni haƙuri, ya ɗauka rasuwa aka yi min.

A watan Yuni Bamanga da kansa ya ce min in kai Goggo Abuja in bar kwafi a wajensa, shi ma hankalinsa zai fi kwanciya. Lambar kamfanin tana cikin jan littafin, a shafin farko. Muka naɗe ta da bargo muka kwantar a kujerar baya, Elias ya ja mota. Ku yi tunanin baƙin akwatin ƙarfe mai wayoyi a bayan mota, daga Gombe, a wannan shekarar. Kowane shinge sai an sauke mu, an ja da baya, an sa ni na kwance murfin da hannuna. Wani soja ya tambaye ni mene ne a ciki, na ce sunayen yara ne, ya kalle ni kamar mahaukaciya. Sai la'asar sakaliya muka isa.

Wurin yana nan yadda Chimezie ya faɗa, har manyan janaretocin biyu na gani a gefe. Wata matashiya mai suna Kadijatu ce ke karɓar sababbin masu ajiya. Na faɗi sunan kamfaninmu ina shirin dogon bayani, sai ta ɗago kai ta ce, a'a, ke ce Margaret Elias? Ai tun Nuwamba fayil ɗinku yake nan ana jiran sa hannunki. Ta buɗe durowa ta ciro kwafin da ya bar musu, ta ce in duba ko akwai abin da ya canja.

Ban duba na ɗaya ba, ban duba na biyu ba. Kai tsaye na buɗe shafi na huɗu.

Shafin waɗanda aka yarda su shiga ɗakin ne, su taɓa injin ko su fita da shi. Duk wanda sunansa ba ya nan, ko shi ya ƙera injin, ba zai wuce mai gadi ba. Layi uku ne. A na farko, da rubutunsa mai kwanciya gefe, an sa Margaret Elias. Na biyu da na uku ya ja musu layi, ba kowa.

Kadijatu ta ce ta tuna shi sarai, don shi kaɗai ne injiniyan da ya taɓa ƙin sa sunansa, kuma da Hausa suka yi hirar har tana mamakin inda ya koye ta. Ta tambaye shi dalili, ya ce shi aikinsa a Gombe yake, daga can zai riƙa kula da injin ta waya. Ta ce to ko don gaggawa ya sa mana. Sai ya yi dariya ya ce mata, “Yayata tana da saurin zargi, kuma an taɓa yi mata tafiyar ba sallama. Ba na so ta kwana ko sau ɗaya tana tunanin zan iya ɗauke Goggo ba da saninta ba.”

Elias yana tsaye a bayana, ya ji komai. Allah ya saka masa, bai ce ai na faɗa miki ba. Ashe Mezie ya san abin da ke raina tun kafin in buɗe baki, ya yi masa magani, ya kawo min har gabana a kan tebur. Abin da ya rage min kawai in buɗe takarda huɗu, ni da na shekara goma sha ɗaya ina dukan tebur ina ce wa yara su karanta tambaya kafin su amsa.

Na fita waje na kira shi. Ya ɗauka ya ce Madam Margaret, da Turancinsa. Na ce masa ina Abuja, na karanta shafi na huɗu. Sannan na faɗi kalmomin nan uku, wata bakwai a makare. Ina jin hayaniyar motoci a bayansa, da wata mata tana kiran wani da Ibo.

Da ya yi magana, da Hausa ya yi. “Na yafe tun tuni, Maman Debby. Goggo ta iso lafiya?”

Na ce ta iso. Ya ce in gaya musu su sa ta a kantar ƙasa, ta fi sanyi, kuma in tsaya a kansu sai sun haɗa ta da wayoyin biyu duka. Na ce Mezie, shagon yana nan, kujerarka tana nan, gari ma ya fara lafawa. Ya ce ya sani. Ya ce ya samu aiki, yaran sun saba, Mmesoma tana barci. Ya ce a can in ya yi magana dariya suke yi masa, wai Ibonsa na Hausawa ne, suna kiransa Malam. Ya yi dariya, ni ban iya ba. Ya ce in gaida Baban Debby, in gaida mai nono.

Na koma ciki. Kadijatu ta kawo sabon shafi na huɗu, tun da an soke layukan tsohon. Na rubuta sunana a layin farko, a na biyu na rubuta Chimezie Vitalis. Ta ce min ƙa'idarsu duk wanda aka sa sai ya zo da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsansa, in ba haka ba sunan yana nan ne kawai, ba ya buɗe ƙofa. Na ce na ji, a bar shi.

Goggo ta tsufa, mun sauya ta da wata tun tuni, ita ma Goggo muke ce mata. Muna gaisawa da Mezie duk Kirsimeti, da Hausa, minti biyar. Bai sake taka Gombe ba. Duk farkon shekara kamfanin Abuja suna kirana su sabunta takardu, kuma duk wanda ya kira sai ya ce, Madam, akwai mutum na biyu a nan da bai taɓa zuwa an ɗauki yatsansa ba, a cire shi? Bana ma sun kira, na ce su bar shi.